Kifin Iya Na Bakin Tasha A Birnin Gwari

 Tambaya zan fara yi miki uwargida: kina tuna mai kifin unguwarku ta lokacin da kike yarinya? Da wuya a ce unguwarku ba ta da ita. Ko a Kano kika tashi, ko Zariya, ko Katsina, akwai wata baiwar Allah da ke kafa kaskonta a bakin titi da zarar la'asar ta yi sanyi, wadda ƙamshin suyarta ke shiga har cikin ɗakunan matan kulle. Tamu ta Birnin Gwari nake so in ba ki labari, domin abin da ya ɗauke ta daga bakin titi ya taɓa tukunyar gidaje da yawa waɗanda ba wanda ya lissafa da su.

Ga wadda ba ta san garinmu ba, Birnin Gwari na yammacin Jihar Kaduna, a kan tsohuwar hanyar Legas, wadda ke tasowa daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta ratsa garinmu, ta wuce Tegina da Mokwa, ta ƙetare Kwara a Jebba, ta nufi Ilori. Wata hanyar kuma ta gangaro daga Funtuwa ta haɗu da ita a nan. Saboda haka duk direban tirela da ya ɗauko shanu ko hatsi daga Katsina ko Zamfara, da na tanka, da manyan motocin fasinja masu tafiyar dare, nan ne zangonsu. A nan suke salla, su ci abinci, su huta, wasu ma su kwana. Gari ne da titi ya raine shi, kuma a da, sha biyun dare a bakin tasha kamar sha biyun rana take.

A nan Iya take. Kowa Iya yake ce mata, babba da yaro, har direbobin da suka girme ta. Banufiya ce ta wajen Neja, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta ƙi komawa gida ta kama kasko. Mahaifiyata ta ce ta san ta tun ana sayar da yankan kifi sule ɗaya, wato kwabo 10, ba a daɗe da fito da naira ba a 1973. Ni kuwa a ƙarshen shekarun 1990 na yi wayon da ake haɗa ni da yayana a aike mu wurinta bayan magariba, lokacin naira 20 kan sayo abin da zai ishi mutum uku su lasa.

Kada ki ɗauka wani shago ne mai ƙofa da taga. Rumfa ce ta kwano huɗu ko biyar, da benci biyu, da murhu na duwatsu uku, da wani baƙin kasko mai faɗi wanda yaro zai iya wanka a ciki. Gefe ɗaya ga tire na kifi an jera shi kai da jela, ɗaya gefen ga kwando na soyayyar doya da dankalin Hausa an rufe da farin ƙyalle, a tsakiya ga aci-balbal na ta hayaƙi. Kifin ruwa ne akasari, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, wanda masunta ke kawo mata daga madatsar ruwa ta Bagoma da rafukan da ke kewaye da mu. In ruwa ya yi rowa sai ta koma kan kifin ƙanƙara da ake saukewa daga Kaduna a kwali, irin wanda ake shigowa da shi ƙasar nan ta jirgin ruwa. Ba ta taɓa haɗa su a tire ɗaya ba, kuma kafin ki tambaya za ta gaya miki, wannan na ruwanmu ne, wannan na ƙanƙara ne. Dankalin Turawa kuwa sai jefi-jefi, in wata mota ta biyo da shi daga Jos. Mu doya ce tamu, domin ƙasar Gwari ce, kuma kin san Bagwari da noman doya.

Abin da ban gane ba sai da na girma na yi aure shi ne yawan gidajen da ke tsaye a bayan wannan kasko guda ɗaya. Man gyaɗar da Iya ke suya da shi ba na kanti ba ne. Wasu matan aure biyu ne a bayan layinmu, kishiyoyin juna ma kuwa, ke sayen gyaɗa su soya, su kai inji, su dawo su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli, kuma Iya ce ke kwashe man nasu galan-galan. Ƙuli-ƙulin kuma wata tsohuwa ce ke saye ta daka yaji da shi, ta sa citta da kanumfari da masoro da barkono, shi ma Iya ce babbar mai saye. Firar doya da dankali akwai gidan da ake kai wa tun hantsi, a fere a yanka a wanke a mayar mata, ana biyansu a kan kowane kwando, ɓawon kuma ya zama na awakinsu. Akwai mai kawo itace, akwai ɗan garuwa, akwai almajirai biyu masu wanke-wanke waɗanda abincin darensu ya tabbata. In kika ƙirga za ki samu gida bakwai ko takwas, kuma yawancinsu mata ne da ko ƙofar gida ba su leƙawa. Direban da ya tsaya ya ci kifin naira 50 bai san cewa kuɗinsa ya shiga cikin kulle har ɗaki uku ba.

Da wannan kuɗi ake zubin adashi. Da adashin ake sayen kwanukan jere na 'yan mata, da shi ake biyan kuɗin Laraba na makarantar allo, da shi ake sayen maganin zazzaɓi ranar da maigida ya wayi gari ba ko sisi. Na san gidan da aka aurar da 'ya'ya mata uku da ribar man gyaɗar nan, kuma maigidan har ya koma ga Allah yana alfahari a majalisa cewa matansa ba su taɓa tambayarsa kuɗin sabulu ba. Bai taɓa tambayar kansa daga ina sabulun ke fitowa ba, Allah Ya jiƙansa.

Sai kuma halinta, wanda shi ne ainihin jarinta. Iya ba ta yi boko ba, karatun addininta ma bai wuce na salla ba, amma abubuwan da nake koya wa ɗalibaina yau a babin ciniki, a wurinta na fara ganinsu a aikace. Kifin da ya kwana ba ta cusa shi cikin sabo. Gefe take ajiye shi ta rage masa kuɗi, ta faɗa da bakinta cewa na jiya ne. Duk lokacin da na zo kan hadisin nan na Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa a kan ɓoye aibin kaya, sai fuskarta ta faɗo mini. Tana ba da bashi ba tare da littafi ba, kuma ta san gidan da bai kamata a bi bashin ba. In yaro ya zo daga gidan da ta san an yi haihuwa ko ana jinya, sai ta ƙara kai ɗaya ta ce a kai wa mai jego ta yi romo. Ɓurɓushin da ke taruwa a gindin tire kuwa, wanda mu yara muka fi so a kan kifin kansa, ba a sayar da shi, rabon almajirai ne da duk yaron da ya tsaya yana kallo.

Kin taɓa lura cewa matafiyi mai tsantseni ya fi sakin jiki da kifi a kan nama? Dalilin a fili yake. Nama sai ka san wanda ya yanka, kifi kuwa ba ya buƙatar yanka. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da aka kamo daga ruwa, kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira inda aka tambayi Annabi (SAW) game da alwala da ruwan teku, ya bayyana tsarkin ruwan, ya kuma ƙara da halaccin mushen cikinsa. Shi ya sa benci biyun nan na Iya ke haɗa malami mai rawani da direba Bayarabe da ɗan kasuwa Inyamuri a kan tire ɗaya, ba mai tambayar wani komai sai a miƙo yaji.

A takarda take naɗe wa mutane, tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, da takardar buhun siminti, wani lokaci har da tsofaffin littattafan 'yan makaranta. Yayana ya sha tsayawa ƙarƙashin fitila yana karanta rabin labarin ƙwallo da maiƙo ya jiƙa. Amma akwai abu ɗaya da ba ta wasa da shi. Duk takardar da ta ga rubutun Larabci a jikinta, ko layi ɗaya ne, sai ta ware ta ta soke a rufin rumfa, in sun taru ta ba wani malami ya ƙona. Ba ta iya karanta abin da ke ciki ba, cewa take wa ya sani ko sunan Allah ne. Yau kuwa nakan sayi ƙosai in tarar an naɗe mini shi a takardar jarrabawar Islamiyya, da bisimilla a samanta ɓaro-ɓaro. Wannan laifin namu ne mu malamai da iyaye kafin ya zama na mai ƙosai, domin daga hannunmu takardun ke fita.

Kada ki ce wannan abu namu ne mu kaɗai. A Ingila, soyayyen kifi da soyayyen dankalin Turawa shi ne abincin talakan birni tun wajen shekarun 1860, kuma masana tarihi na danganta suyar kifin da Yahudawan da suka yi hijira can daga Sifen da Fotugal. Su ma a tsohuwar jarida suke naɗewa, har sai da aka bar hakan saboda tsoron tawada a abinci. A Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatinsu ta ƙayyade wa kowa nama da sukari da man shanu, ba ta sa kifi da dankalin nan cikin ƙayyadewar ba. Shagunan sun taɓa haura 30,000 a ƙasar kafin wancan yaƙi, daga baya suka ragu zuwa wajen 10,000. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, masu shagunan suka yi ta kuka, domin man suyarsu da yawa daga can yake zuwa, haka ma wani kaso na kifin. To in yaƙin wata ƙasa mai nisa zai girgiza kaskon Bature, ina ga kaskon da fitina ta same shi a ƙofar gida?

Dajin da ke kewaye da mu, wanda gwamnatin tarayya ta mayar da wani sashensa gandun Kamuku a 1999, kuma ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja, shi ne muke taƙama da shi a da. Daga nan itacen Iya ke fitowa, da zuma, da kaɗanya. Sannu a hankali ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi. A watan Oktoba na 2012 aka kai hari Dogon Dawa da asuba, aka kashe aƙalla mutum 20, wasunsu suna fitowa daga masallaci. A watan Mayu na 2018 aka afka wa Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. Tsakanin waɗannan da bayansu, abin da ya faru a kan hanyar Kaduna ba sai na gaya miki ba, kin ji a rediyo. Aka kai lokacin da motoci ba su tashi sai an tara su an yi musu rakiya da jami'an tsaro, wasu kuma suka gwammace su zaga ta Funtuwa da Zariya kafin su shiga Kaduna, tafiyar awa biyu ta koma ta wuni. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a yankinmu, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci.

Ana ƙirga waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, kuma ya kamata a ƙirga su, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu Ya ba iyalansu haƙuri. Amma ban taɓa jin an ƙirga kaskon da aka kife ba. Direban dare ya daina zuwa. Masunci ya ji tsoron bakin ruwa, mai itace ya ji tsoron daji, manomin doya ya bar gonarsa ta nesa. Iya, wadda tsufa ya riga ya kama, ta rage suya daga kwali biyu zuwa rabin kwali, daga nan ta koma tashi kafin isha'i, daga nan aka wayi gari rumfar ba kowa. Ba ta daɗe ba Allah Ya karɓi abinsa. Matan nan masu man gyaɗa suka rasa mai kwashe galan, adashin layinmu ya watse domin ba mai abin zubi, kuma a cikin gidajen da ba a taɓa jin kansu ba aka fara jin rigima a kan kuɗin cefane. Wasu auren ma a kan haka suka mutu, aka ce rashin haƙurin mace ne.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla da wasu daga cikin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta shafe shekaru a rufe. Mutane sun yi ta muhawara a kan sulhun, wasu na murna, wasu na cewa ina hakkin waɗanda aka zalunta, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin da idona ya gani bayan nan shi ne motoci sun ƙaru a kan titi, kuma hayaƙin suya ya sake tashi a bakin tasha. Muna roƙon Allah Ya ɗorar da zaman lafiya.

Sai dai a nan ne nake da magana da ke, uwargida, kuma ita ce ta sa na ɗauko wannan labari. Da yawa daga cikin masu riƙe da tiren kifi a bakin tasha yanzu ba irin su Iya ba ne. 'Yan mata ne masu shekara 11, 12, 13, ɗauke da tire a ka suna bi mota-mota har goman dare, uwa na gida tana suya. Wasunsu ɗalibaina ne. Na san su da gyangyaɗi a aji, na san su da ƙaurin mai a hijabi, na kuma san ranar da ɗaya ta daina zuwa gaba ɗaya. Ba na zargin uwar da talauci ya kai ta bango, domin na san shekarun da muka fito daga cikinsu, kuma wasu daga cikin iyayen nan zawarawa ne da aka kashe wa maza a gona. Amma tasha da dare ba wurin budurwa ba ce, kuma ke ma kin san irin maganganun da ake gaya wa yarinya a gindin tirela. Iya ta yi shekaru fiye da 30 a bakin titin nan, 'ya'yanta mata ba wadda ta taɓa ɗaukar tire. Ita ke zama da kanta, da girmanta da furfurarta, mai saye ya zo ya same ta.

Tsarin nan nata bai fi ƙarfinmu ba. A kowane layi akwai dattijuwa ko bazawara mai kamun kai da za ta iya zaman rumfa, akwai kuma matan aure biyar ko shida da kowace ke da abin da ta iya. Wata ta yi mai, wata yaji, wata fira da yanka, wata ta wanke kifi ta jiƙa shi da kayan ƙamshi, a yi lissafi duk mako kowa ta ɗauki nata. In ba a samu mai zama ba, a soya a gida a sa ɗa namiji babba ko ƙanin miji ya zauna a ƙofar gida da tire. Yanzu ma da waya ta zo, na san matar da ke soyawa a cikin gidanta, masu shaguna da ma'aikata na kiranta su yi oda, ɗan acaɓa ya kai. Ribar ba ta kai ta talla ba a farkon fari, gaskiya ce, sai an jure wata biyu ko uku kafin a san ki.

In kin yi niyya, ga kaɗan daga abin da na gani a hannun Iya. Wajen saye, ki duba idon kifi ya zama garau bai dusashe ba, ki ɗaga marfin kunnensa ki ga ja ne, ki danna jikinsa da yatsa ki ga ya dawo bai lotsa ba. Ki guji kifin da aka ce an kama da magani, ko da kyauta ne, domin gubar da ta kashe shi ba ta fita da suya. Tarwaɗa ki goge ta da toka ko gishiri da lemon tsami har santsin ya fita, ki tsane ta sosai a kwando, domin jiƙaƙƙen kifi shi ke fallatsa mai ya kuma farfashe. Mai ya yi zafi kafin ki saka, kuma kada ki cika kasko, kada ki juya sai gefe ɗaya ya riƙe kansa. Doya da dankali a soya su tukuna a mai mai tsabta kafin kifi ya shiga, in ba haka ba ƙarni zai kama su. Man da ya yi baƙi, yake kumfa ko yake hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki, kuma likitoci na gargaɗi a kan yawan maimaita shi, don haka kada ki yi ta ƙara sabo a kan tsoho. Kada kuma ki zuba kifi da zafinsa cikin baƙar leda. Ki bari ya sha iska, ki sa a farar takarda marar rubutu, ko mai saye ya zo da kwanonsa kamar yadda ake aiko mu da shi a da.

Yajin kuwa, gwangwani uku na garin ƙuli-ƙuli, ɗaya na barkono, rabi na citta, ɗan kanumfari da masoro da gishiri, a daka a tankaɗe sau biyu. Tsohuwar nan takan ɗan soya barkonon sama-sama a busasshen kasko kafin ta daka, ta ce shi ke fito da ƙamshi ya kuma hana yajin yin danshi da damina.